Ranar da Na Goge wa Tsohuwa Tsagarta

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shiga Sabon Gari rungume da hoto a firem ba, ina tafiya ina ɗaga kai kamar wanda ya ciyo kofi.

Lokacin ina aiki a wani shagon kwamfuta a Samaru, kuma duk layinmu mu kaɗai ke da sikana, na'urar ɗaukar hoto zuwa kwamfuta. Wata uku kacal na yi ina koyon gyaran hoto, amma da ka ji bakina sai ka rantse ni na ƙera na'urar. (Har gilashi na saya, alhali idona lafiyarsa ƙalau.)

Wata rana Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya zo da wani ɗan ƙaramin hoto baƙi da fari a cikin Littafi Mai Tsarki. Hoton mahaifiyarsa ne, kuma shi kaɗai ne a duniya. Ya ce zuriyarsu za ta taru ranar Asabar don addu'ar tunawa da ita, yana so jikoki da tattaɓa-kunne su ga fuskarta ko sau ɗaya. Ya roƙe ni in ƙara masa girma kawai. Na ce ya bar mini komai.

Hoton ya sha wuya. Ya karye a lanƙwasa, kyankyaso ya ci gefensa, duk ya kakkarce. Na jawo shi kusa a kwamfuta har kumatunta suka cika allon, na shiga goge duk layin da na gani. Kwana biyu ina abu ɗaya. A kumatun na fi shan wahala, don layukan wurin a jere suke reras, har ina mamakin irin wannan karcewa mai tsari. Da na gama, fuskar tsohuwa ta yi sumul kamar ta 'yar fim. Gaskiya na burge kaina.

Ba wanda ya ce in kai hoton gidan Baba da kaina, ni na nace, don ina so a yaba mini a gaban jama'a.

Tsakar gidan cike yake, an jera bencina, mata na rera waƙar coci. Baba Yohanna ya buɗe firem ɗin, ya duba, sannan ya miƙa wa yayarsa, Goggo Saraya, wadda ta haura tamanin. Ta kai shi dab da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Ɗana, yarinyar nan kyakkyawa ce," in ji ta. "'Yar gidan waye?"

Na gyara gilashi, na fara bayanin cewa hoton ya lalace da karce, ni kuma na tsabtace shi da kwamfuta. Ina cikin magana ta ɗago kai ta dube ni. A kumatunta na ga layukan nan, a jere reras, daidai da waɗanda na yi kwana biyu ina gogewa. Tsagar gado ce.

Wata jikarta ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Ni kuwa zufa har cikin takalmi, kunya kamar in nutse.

Goggo ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ta ce a ba ta tsohon hoton, ta ɗora yatsa a kai, ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya.

"Ku duba nan, sannan ku dubi fuskata. Ita ce ta haife ni."

Haka ɗan ƙaramin hoton da kyankyaso ya ci ya zaga gidan hannu zuwa hannu, nawa kuma yana jingine a bayan randa. Aka zubo mini shinkafa, na ci kaina a sunkuye.

Daga baya na sake aikin yadda Baba ya faɗa tun farko. Tun daga ranar, ko ƙuda na gani a hoton mutum, sai na tambaya ko ɗan gida ne kafin in goge shi.