Ranar da Na Juya Kogin Haɗejiya

Ko tsufa zai goge mini komai, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗaga hannu a gaban baƙi kamar ɗan firamare, na amsa cewa ni ne mutumin da ya juya Kogin Haɗejiya.

A lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wata jami'a da ke yankin Haɗejiya ba. Aka ba ni darasin falsafar kimiyya na 'yan aji biyu, wanda manyan malamai suke gudu, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu. Kaina cike da littattafai, jikina cikin kwat (a zafin Haɗejiya, jama'a, kwat!). Abin da na fi son cusa wa ɗalibai shi ne, kimiyya ba ta karɓar magana don girman mai faɗinta. Kowace magana sai an nemi hanyar gwada ta, in ta faɗi a yar da ita. Ina faɗa suna rubutawa. In ce akwai tambaya, su ce babu, Malam. Wannan "babu, Malam" ɗin ta riƙa ci mini rai.

Sai wata dabara ta zo mini, na ji kaina ya ƙara girma. Zan yi musu ƙarya da gangan, ƙaryar da ko yaron goye zai gane, in ga wanda zai tashi ya ƙaryata ni. Ranar na shiga aji na zana kogi a allo, na tsuke fuska, na ce musu ruwan Kogin Haɗejiya daga gabas yake tasowa, daga Tafkin Chadi, ya gangara yamma ya nufi Kano. Kowa a garin nan ya san akasin haka ne. Ko kara ka jefa daga kan gada za ka ga gabas ya nufa. Rabin ajin 'ya'yan manoman fadama ne da masunta, waɗanda duk damina suke kasa kunne su ji ko ruwa ya taso daga wajen Kano.

Na tsaya ina jira. Ba wanda ya yi ko tari. Suka sunkuyar da kai suka rubuta, har da kibiyar da na zana. Na ce a raina, madalla, mako mai zuwa zan fasa ƙwan, su ji kunyar da za ta koya musu tambaya har abada. Kafin makon ya zo aka shiga yajin aiki. Da aka dawo bayan watanni, sai rububin kammala darussa da jarabawa, maganar kogi ta fice mini daga kai sam.

Akwai wata ɗaliba a ajin, Yagana, wadda ta fi kowa ƙoƙari. Gidansu a wani ƙauye yake a bakin kogi, ita ce ta fara shiga jami'a a danginsu. Bayan jarabawa wasu masu binciken ambaliya suka zo neman ɗalibi ɗaya tak da za su ɗauka su horar, su kuma ɗauki nauyin karatunsa na gaba. Ni da bakina na ba da sunan Yagana. Shugaban sashe ya ce to in zauna cikin masu tantancewa, na zauna ina ta gyara wuyan kwat.

Jagorar baƙin wata farfesa ce dattijuwa, mai magana a hankali. Da Yagana ta shigo, sai farfesar ta so ta kwantar mata da hankali da tambaya mai sauƙi.

"'Yata, an ce a bakin kogin nan kika tashi. Ruwansa daga ina yake zuwa, ina kuma ya nufa?"

Yagana ta ɗago ta dube ni, ta mai da kai ƙasa. Ta ce, "Daga Tafkin Chadi yake zuwa, ranki ya daɗe. Ya nufi Kano."

Sai a lokacin allon nan da kibiyarsa suka faɗo mini a rai. Farfesa ta cire tabarau ta tambaye ta wa ya gaya mata haka. Yagana ta kau da kai, ta ƙi ko kallon inda nake. Wani daga cikin baƙin ya yi dariya ya ce, "Ni dai ina son ganin malamin da ya koyar da wannan, in gaishe shi."

Nan fa hannuna ya tashi. Na fara bayani ina in'ina, cewa dabarar koyarwa ce, wato gwaji ne, wato yajin aiki ne ya shiga tsakani. Ina magana ina jin yadda kowace kalma take ƙara nutsar da ni. Shugaban sashe ya dafe goshi. Farfesa ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Na ji, Malam. Amma aikinmu na ruwa ne, rayukan mutane ke ciki. Muna son wanda zai faɗi abin da idonsa ya gani, ko da ni ce na ce ba haka ba." Suka ɗauki wani yaro daga sashen da ban taɓa koyarwa ba.

Na tarar da Yagana a gindin darbejiya tana share ido da gefen mayafi. Haushi da kunya suka sa na tambaye ta ko da gaske ba ta san inda kogi ya nufa ba.

Ta ce, "Malam, a kogin nan nake wanki tun ina ƙarama. In zane ya kuɓuce, gabas muke bin sa."

"To me ya sa kika faɗi haka?"

"Kana zaune ga baƙinka, ga shugabanka. Mu duk ajin mun ɗauka haka ka sani, tunda ba a nan ka tashi ba. Muka ce kada wanda ya faɗa a waje. Ta yaya zan tsaya a gabansu in nuna malamina bai sani ba?"

Ashe ni ina can ina ganin na ɗana musu tarko, su kuwa sun haɗa baki suna rufa wa jahilcina asiri tun kafin yajin aiki. Na rubuta wa baƙin nan roƙo, na sake rubutawa, amma gurbin ɗaya ne kuma an cike shi. Yagana ta gama digirinta, yanzu tana koyarwa a wata firamare a hanyar Malam Madori. In mun haɗu a kasuwa ita ce take rusunawa ta gaishe ni, ni kuwa in rasa inda zan sa idona. Da za ta zage ni ko sau ɗaya, wallahi da na fi samun sauƙi.

Har yanzu ina koyar da darasin, amma na daina gwada wayona a kan yaran da aka tarbiyyantar su girmama ni. Kuma duk ranar da na yi magana aji ya yi tsit kowa yana rubutu, ba na cewa sun gane. Sai in koma ofis in duba wace katoɓarar na yi da suke tausaya mini.