Ranar da Aka Yi Tallafi da Mashin Ɗina

Wata Asabar a watan jiya, da hannuwana biyu na tafa aka yi kyauta da mashin ɗina. Kada wani ya fara yi mini jajen sata, domin ba sata aka yi ba. A ƙarƙashin rumfa aka yi abin, da lasifika, da masu ɗaukar hoto, aka buɗe da addu'a aka rufe da addu'a. Ni kuma ina zaune a kan farar kujerar roba, an ba ni lemo na sha, ina tafi kamar kowa.

Bari in faro muku daga farko, tunda na ga kun fara dariya.

Mashin ɗin nan ƙaramin roba-roba ne, ya tsufa a hannuna. Shi ke kai ni ofis daga Hayin Banki, shi ke kai mai ɗakina Turai asibiti a duba mata hawan jini, shi ke ɗauko mana buhun masara. Ƙaramin ma'aikaci ne ni, ritaya ta kusa, kuma kowa ya san yadda kasuwa take. In wannan ya tafi, ba ni ba sake sayen wani har a kai ni makwanci. Ƙafata ce sukutum, shi ya sa bana na ƙudura zan yi masa gyaran da bai taɓa gani ba.

Isiyaku bakanike, wanda ke ƙarƙashin bishiyar dalbejiya a bakin layinmu, shi ya kama aikin. Muka fara da shokazoba, saboda titin unguwarmu da aka yi bikin ɗora harsashinsa tun Aziza 'yata tana goye, ga shi yanzu har ta yi aure titin bai iso ba. Muka sa babbar fitila mai hasken gaske, domin fitilun kan titi da aka kafa mana falwayoyinsu kawai suka zo, ƙwayayen suna hanya. Muka ɗaga salansa sama kaɗan don ruwan da ke kwanciya a kwanar masallaci duk damina. Aka canza ringi da fistin, aka wanke kafireta, aka sa sabon fulogi, aka daidaita shi yadda zai riƙa lasar mai a hankali, tunda duk wanda ya yini a layin gidan mai ya san mai ba abin kurɓa ba ne yanzu. Da na zauna na duba, sai na ga duk aikin da manya suka yi alkawari a unguwar nan ni na yi shi, sai dai a jikin mashin na yi. Ban ji haushi ba. Manya ayyuka sun yi musu yawa, dole talaka ya rage musu.

Da a nan na tsaya, da yau ba ku da abin karantawa. Turai ce ta ja ni cikin maganar kwalliya. Duk ranar da zan kai ta gidan biki sai ta ce in sauke ta a kwana, wai tana son ta ɗan miƙe ƙafa. Na daɗe ina yaba mata son motsa jiki kafin in gane kunyar mashin ɗin take ji, don robobinsa duk sun tsage, da waya aka ɗinke su. Zuciya ta ɗebe ni. Na sa Isiyaku ya cire tsohon bodi gaba ɗaya ya ɗaura sabo, shuɗi mai sheƙi. Aka sa madubai masu ƙyalli, aka sa sababbin sigina, aka sa sabuwar kujera. Ledar da kujerar ta zo da ita kuwa na hana a cire. Kun san halinmu, ba ma cire leda a jikin sabon abu sai ta gaji ta yage don kanta. Lambar mashin ma na bar ta a wurin Isiyaku, wai sai an samo mata firam mai kyau.

Daga nesa, wallahi, ko dila sai ya rantse daga kwali aka fito da shi. Ranar Juma'a da na kai Turai wani suna, ta ce in sauke ta a ƙofar gidan daidai, har da cewa in ɗan danna hon.

A yammacin nan ne maƙwabcina Shu'aibu ya yi mini sallama. Honorabul muke ce masa, ko da yake bai taɓa cin zaɓen komai ba, shi dai duk inda aka kafa rumfa za ka gan shi da babbar riga yana nuna wa mutane wurin zama. Ya zagaya mashin ɗin yana shafawa, ya ce gobe Kwamitin Share Hawayen Al'umma zai yi rabon tallafi a wani fili kusa da Kawo, kuma Mai Girma Garkuwan Marasa Galihu da kansa zai zo. Matsalar ita ce mashinan da za a jera ba su cika layi ba, hoto ba zai yi kyau ba. Na tambaye shi ina sauran, ya ce suna hanya. Abin da yake roƙo shi ne in ba da aron nawa a sa shi can ƙarshen layi, a ɗauki hoto, in hau abina in dawo gida.

"Malam Audi, ko taɓa shi ba za a yi ba," in ji shi. "Kuma kujerarka a cikin rumfa take, ba cikin rana ba."

Turai ta leƙo ta labule ta girgiza mini kai. Na yi kamar ban gani ba. Gaskiya abin ya yi mini daɗi, a ce mashin ɗina ya kai a jera shi da sababbi gaban manya, ni kuma in zauna a inuwa sau ɗaya a tarihin tarukan unguwar nan.

Washegari aka jera su, aka ɗaura wa kowanne jan ƙyalle. Shu'aibu ya karɓi makullin, wai don a iya juya kan mashin ɗin ya fuskanci kyamara. Taron ƙarfe goma ne, Mai Girma ya iso bayan azahar da jiniya da motocin da man da suka sha a ranar zai kai ni ofis har in yi ritaya. Wani dattijon malamin allo daga Katabu, Malam Idris, shi aka ba buɗe taro da addu'a. Ya yi addu'a mai ratsa jiki, ya roƙa wa shugabanni tausayin na ƙasa da su, kowa ya shafa.

Addu'ar nan ta shiga Mai Girma sosai. Ya ajiye jawabin da aka rubuta masa, ya ce shi ba mutumin dogon turanci ba ne, mutumin aiki ne, kuma kafin a raba komai zai fara da wannan bawan Allah. Ya kama hannun Malam Idris, suka bi layin mashinan yana dubawa. Sauran duk baƙaƙe ne iri ɗaya, da ƙura a jikinsu. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi, ya tsaya a kan shuɗin nan mai sheƙi da leda a kujera. Ya zare makullin ya damƙa wa Malam.

Dole a yaba wa Mai Girma, yana da ido. A duk filin nan babu mashin da aka kashe wa ƙauna kamar wannan, kuma nan take ya gane.

Fili ya ɗauki kabbara da tafi. Mai lasifika ya ce duk mai kishin talaka ya tafa, na kusa da ni ya zungure ni, sai na ji hannuwana suna tafi. Malam Idris yana hawaye. Na waiga neman Shu'aibu, na hango shi ya duƙufa yana gyara wata kujera da ba abin da ya same ta. Kafin in kutsa cikin jama'a, mutanen Katabu sun ɗora mashin ɗin a bayan a-kori-kura sun yi gaba. Sauran mashinan kuwa, bayan manya sun tashi, wata babbar mota ta zo ta kwashe su ta mayar wa dilan da aka aro su a wurinsa. A taƙaice, a duk rabon ranar, mashin ɗaya ne ya isa hannun talaka, kuma daga hannun talaka ya fito.

Ranar Litinin na tafi ofishin kwamitin a ƙafa. Wani mai ƙaton tumbi, da alama shi ne Sarkin Yaƙin Shirya Rumfa, ya saurare ni da ladabi. Ya ce abin da hannun Mai Girma ya bayar ba ya dawowa, domin an riga an nuna a talabijin. Ya ce kamata ya yi in yi alfahari, ba kowa ke samun damar haɗa hannu da Mai Girma wajen aikin alheri ba. Sannan ya yi mini albishir cewa za a duba ni a rabo na gaba. Na tambaye shi mashin ɗin wa za a ara a ba ni, sai ya ce lokacin sallah ya yi.

A gida Turai ba ta ce "ai na gaya maka" ba, kuma wannan shirun ya fi mini zafi. Ranar asibitinta ta zo, muka tsaya a bakin titi cikin rana muna jiran Keke, ina kallon yadda take dafa kai. A nan ne dariyar abin ta ƙare mini. Na ji tsoro na gaske, na ce a raina shi ke nan, haka za mu ƙarasa.

Washegari na hau mota zuwa Katabu da niyyar in faɗi magana ɗaya in karɓi kayana. Na tarar da mashin ɗin a zauren Malam Idris, an lulluɓe shi da wankakken zane. Malam ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo ruwa, ya ɗauka barka na zo yi kamar sauran jama'a. Ya ba ni labarin yadda yake zuwa Badarawa koyar da matan aure karatu, wani lokaci a mota, wani lokaci ya taka daga Kawo in abin hannu ya gaza, ga gwiwa ta fara ba shi matsala. Ya ce bai taɓa roƙon kowa abin hawa ba, sai ga shi Allah ya kawo. Na tuna maganar da na haddace tun daga gida. Yaya zan ce wa dattijon nan farin cikinsa nawa ne?

Sai ya ce abu ɗaya ke damunsa. Tun da aka kawo shi ya ƙi tashi. Maƙwabta sun yi ta buga kik har sun gaji, wani ya ce ko sababbin yanzu haka suke.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Akwai wani ɗan makunni da Isiyaku ya ɓoye mini a ƙarƙashin bodi saboda ɓarayi, in ba a taɓa shi ba ko shekara za a yi ana buga kik ba zai tashi ba. Hannuna ya tafi wurin da kansa, na danna, na buga sau ɗaya. Mashin ya kama kuka lafiya lau, irin kukan da na sani.

Malam ya dubi mashin ɗin, ya dubi hannuna, sannan ya dube ni.

"Malam Audi, naka ne?"

Na sunkuyar da kai na ba shi labari tun daga zuwan Shu'aibu. Bai katse ni ba. Da na gama ya yi salati a hankali, ya cire makullin ya sa mini a tafin hannu ya rufe da nasa. Na fara ba shi haƙuri, ya ce ni da aka ɗauki kayana ba ni ne da ba da haƙuri ba. Na tambaye shi abin da zai gaya wa mutanen da suka yi ta zuwa barka, ya ce zai gaya musu ya mayar wa mai kaya kayansa, wanda ya ga dama ya yi dariya. Ya naɗe zanen nan da kansa.

Alfarma ɗaya ya nema. Ranar karatun Badarawa ce, kuma ya makara. Na goya shi muka kamo hanyar Kawo, yana riƙe da kafaɗata, shokazoban Isiyaku na shanye mana ramuka. Da muka yi nisa, sai na ji ya yi 'yar dariya a bayana.

"Ka ga ikon Allah," in ji shi. "Yau dai na hau abin da aka ba ni."

Na samu mashin ɗina, jama'a, amma ban dawo gida da farin cikin da na zata ba. Turai da ta ji yadda aka yi, ita ta ce ba zai yiwu a bar dattijon nan da gwiwarsa haka ba. Yanzu duk ranar karatunsa, in na taso ofis sai in miƙa Katabu in ɗauko shi in kai shi Badarawa.

Jiya a layin mai na ji ana hira da wani na kusa da Mai Girma a rediyo, yana cewa malamin nan da aka gwangwaje yanzu ya huta da tafiyar ƙasa, a kan mashin yake zuwa koyarwa. Na so in yi tsaki, sai na ga ai mutumin bai yi ƙarya ba. Don haka, Mai Girma, ranka ya daɗe, in an zo lissafa ayyukan bana a sa da wannan a sahun gaba. Shi kaɗai na sani a cikinsu da yake tafiya, kuma ni ke zuba masa mai.