Notin Injin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin bikin ƙanwata ba, shekarar da na dawo Filinge daga karatu a Yamai, kaina ya fi hulata girma.

A unguwarmu injin niƙa ɗaya ne, na Kawu Hamidu, yayan Innata. Da safe mata suka jera kwanukan gero da dawa na tuwon biki, sai dutsen injin ya ƙi ci. Kawu ya ɗauko sifana zai kwance notin da ke riƙe da shi. Ni kuwa, uban 'yan shisshigi, na karɓe daga hannunsa (ni da ko tayar keke ban taɓa cirewa ba).

Na ɗaga murya don 'yan mata su ji, na ce, "Kawu, ai doka ce. Ɗaurewa a bi hannun agogo, kwancewa a saɓa masa."

Ya ce, "Ɗana, ni ban san agogo ba. Kowane noti ɗawafi yakai in zai kwance, hauni yake bi kamar mai zagaya Ka'aba. Amma wanga na daban na, hannun dama aka murɗa shi in za a kwance. Bari in gwada maka."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi wa dattijon da ya shekara ashirin yana shan ƙurar injin nan. Na murɗa hagu, ya ƙi. Na sa bututun ƙarfe a sifanar, na hau da ƙafa. Sai ƙas! Ƙarfen da notin ke kai ya karye. Ashe duk ƙarfina ƙara ɗaure shi nake yi.

Kawu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya tsince guntun, ya ce, "Irin wanga ƙarfe sai Yamai." Mata suka kwashe kwanukansu, ba wadda ta dube ni.

Turmi aka koma. Inna ta yi daka tun hantsi har la'asar, ga ciwon kafaɗa. Washegari tafin hannunta duk ya saɓule, har ta kasa riƙe ƙwaryar wankan amarya, sai maƙwabciya ce ta wanke mata 'yarta mace ta fari. Hotunan bikin suna nan, a kowanne Inna ta ɓoye hannu cikin mayafi.

Tun ranar na gane, in tsoho ya ce "bari in gwada maka", mai ilimi shi ne wanda ya matsa gefe.