Motar Labbo da Shanun Gulma

Labbo ba ya ajiye motarsa sai a kan gangare. Ko masallaci ya je, sai ya zaga ya nemi inda ƙasa ta karkata, ya ce inuwar can ta fi sanyi. Tsohuwar jif ce ta malaman gona, ya saya a gwanjo a Sakkwato, ya cika Birnin Kebbi da labarin cewa laka ba ta riƙe ta. A kan wannan magana taubashinsa Riskuwa ya sallami masu jakai, ya bar masa kwasar albasarsa daga fadamar Gulma zuwa Argungu kafin ruwan farko ya sauka. Sahu ɗaya aka yi. Washegari da hantsi Riskuwa ya same shi a garejin Hodi makanike, kwance ƙarƙashin mota, ƙafafu kaɗai a waje.

"Ina gajiyar jiya, direban gwamna?"

"Ba gajiya."

"Awo. Ina gajiya ga wanda shanu sunka jawo har tsakar kasuwa? Su ya kamata in gaishe."

Ƙafafun suka ɗan ƙara shigewa ciki.

"Hutawa ta yi," in ji Labbo. "Ko doki yana tsayawa shan ruwa."

"Doki da baki yake sha. Taka ta ciki ta sha. Mi ne wanga farin abu cikin kwano, kunun kanwa?"

"Man giya ne. Ruwan mashigi ya shige shi."

"Hodi bai ce maka in ka ƙetare ruwa ka duba mai ba?"

"Ka ji bawa da tambayar ubangidansa! Agogonta fa mil dubu tara kaɗai ya nuna."

"Ya ƙare ƙirga ne ya sake daga fari, ɗan gwaggo. Tsohuwa ta zubar da haƙora, kai ka ce jaririya ta. Wagga mota ta san hanyar Yawuri tun kana tsoron kaciya."

"Tsohon doki sai mai sani."

"To ina mai sanin? Kullum kana goge mata fuska da tsumma, ba ka taɓa leƙa cikinta ba. Tsohuwa giris take so, da mai a kan kari, da bel na ajiya. Kai turare kake fesa mata."

Hodi ya juya baya, ya shiga neman wani abu da bai ɓata ba.

Daga inda Labbo yake kwance yana hango gefen sama ta gabas, ya yi duhu. Buhunan da suka rage suna can a fili, albasa kuwa ba ta yafe ruwa. Noman rani guda ne na gidan kawunsa, uban Riskuwa.

"Hodi ya ce kwana uku," ya faɗa a hankali. "In an samu kayan a Sakkwato."

"Hadarin ya ce yaushe?"

"Riskuwa, kira masu jakai."

"Na kira. Sun ce wanda ya ce musu zamanin kofato ya wuce, shi za ya zo da bakinai."

Labbo ya jawo jiki ya fito, mai har gemu. Bai ɗaga ido ba.

"Ka ci," ya ce. "In tafi da mi?"

Riskuwa ya yi dariya har ya dafa mota, ya nuna bakin gareji, inda wani jaki ke tsaye da akumari.

"Kyauta na ba ka, har la'asar. Wanga ba ya son gangare, ko kan tudu ka aje shi yana tashi."

Labbo ya ɗora sifana a kan dutse, ya tattare riga ya hau. Suka nufi mashigi neman masu jakai, Riskuwa na biye yana yi masa hon da baki. Man nan bai gama tsiyaya cikin kwano ba, nocin da ke toshe shi kuma yana gefe, ba a mayar ba.