Irin Gero a Kwallar Amarya

Ba za ni taɓa mantawa da bazarar da aka aurar da ɗiyata ta fari ba. Na daɗe ina jujjuya maganar rubuta wannan labari. In na ɗauki biro sai in ce kada surukaina su ji ba daɗi, in ajiye. In na ajiye kuma sai in ce to wa zai faɗe shi daidai bayan raina, tunda matan Bafarawa sun riga sun ƙara masa gishiri? Har wurin limaminmu na je na tambaya ko mutum ya ba da labarin kunyar kansa yana cikin tona asirin da Allah ya rufa. Ya yi dariya ya ce, "Wane asiri, Malam? Abin da anka yi gaban matan gari guda?" Daga nan na samu ƙarfin hali. Karatuna bai wuce firamare ba, in an ga kuskure a yi haƙuri.

Ni mutum ne mai yawan tunanin abin da zai je ya zo. In na rufe rumbu na kama hanyar gona, sai na dawo na duba ko na rufe. Matata Kulu takan ce ko ranar Salla sai na samo abin damuwa na taho da shi daga Idi.

A wancan lokaci muna zaune a ƙauyenmu kusa da Gatawa, kuma fari ya biyo fari. Shekarar farko ruwa ya ɗauke gero na fidda kai. Ta biyu ya zo a makare, ya tafi da wuri. Kafin rani ya yi nisa rumbuna sun koma gidan ɓeraye, samari sun tafi ci-rani, mata na dafa ganye su yayyafa masa ɗan ƙuli a ci a kwana. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa, na ga gidaje da yawa sun fara sa hannu cikin irin da suka ajiye don shuka.

Mu a gidanmu akwai wani gero da muka gada, geron Baba muke ce masa. Gajere ne, kansa na da gashi, tsuntsu ba ya son sauka a kansa, kuma yana riga sauran gero nuna. A shekarar wadata mutane kan raina shi don daminsa bai da girma. A shekarar fari shi kaɗai ya ba ni abin da na kai gida. Da kaka na zaɓi kawunan da suka fi kyau, na sussuke su da hannuna, na cuɗa da toka da busasshen ganyen dogon-yaro da dakakken barkono don ƙwari, kamar yadda mahaifina ke yi. Na ƙulle a cikin wata tsohuwar baƙar rigata, na ɗaure da igiyar fata.

Sai maganar ɓoyo. Kulu ba almubazzara ba ce, Allah ya sani. Amma uwa ce, kuma na san in yara suka kwana suna kuka alhali ta san akwai hatsi a gidan, turmi zai yi ƙara. Ni ma kaina ban amince wa zuciyata ba. Na sa shi a rumbu, na ce nan za a fara dubawa. Na mai da shi ƙarƙashin gado, na tuna da ɓera. Na haƙa rami a bayan ɗaki, na tuna da gara, na tone shi tun bai yi mako ba. (Duk wannan Kulu na ganin ina zirga-zirga, ta ɗauka zawo nake yi.)

Daga ƙarshe dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka babu mai kai irin nawa a duk ƙasar Gobir. A kusurwar ɗakin Kulu akwai kayan ɗakin ɗiyarmu da ta daɗe tana tarawa: kwalloli masu murfi an jera su babba a ƙasa, ƙarama a sama, an lulluɓe da zane. Ko yunwa za ta kashe mutanen gida ba mai taɓa kayan amarya. Ranar da Kulu ta tafi suna, na sauke jeren, na sa ƙullina a babbar kwallar ƙasa, na mai da komai yadda yake. Na ce sai ana gobe jere in cire abina.

An sa biki cikin bazara, ango ɗan Malam Garba ne na Bafarawa, yara na son junansu, kowa na murna duk da halin da ake ciki. Ana sauran 'yan kwanaki na kai akuya kasuwar Sabon Birni don in sayo goro. Na dawo bayan azahar na tarar da gida shiru, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu na tsaron yara.

"Ina Kulu?"

"Sun tahi jere. Mota anka samu za ta Bafarawa ba kaya, sai sunka ce mi za a jira?"

Na leƙa ɗaki. Kusurwa fayau.

Wanda ba ɗan wajenmu ba ne sai na yi masa bayani. Ɗiyar fari ko sunanta uba ba ya faɗa (kun ga har yanzu ban rubuta shi ba). Uban amarya ba ya bin kaya, ba ya taka gidan surukai ranar jere, balle ya wuce zaure. In ya hangi uwar ango a hanya ma sake hanya yake yi. Na tsaya tsakar gida ina lissafi. In na tafi, na zubar da girmana. In na zauna, wata ta buɗe kwalla ta ga hatsi a wannan shekara, kafin magariba ya zama kunu. Na cire hula na mayar, na shiga ɗaki na fito. Sai na ɗaga kai na ga wani ɗan gajimare daga gabas, wanda bai isa ya jiƙa kaza ba. Shi ya yanke mini shawara. Na fita na tare ɗan kabu-kabu, na hau bayan babur ɗinsa.

Duk hanya ina shirya yadda za ni yi abin cikin mutunci. In tsaya nesa da gida, in aika a kira Kulu a asirce, ta fito mini da ƙullin a ƙarƙashin mayafi, in juya ba wanda ya gan ni.

Da muka isa, tun daga ƙofar gida na ji hayaniya, kuma ba ta guɗa ba ce. Na raɓe jikin katanga na kasa kunne. Wata murya mai kaifi, wadda daga baya na san ta Goggo Tumba ce, yayar Malam Garba, tana cewa:

"Baƙin ƙyalle, igiyar hwata, toka, barkono! Ku gaya min mi na na wanga in ba sammu ba? So kuke ku mallake muna yaro tun ba a kawo ta ba?"

Na ji Kulu na rantsuwa tana kuka, tana cewa ita da hannunta ta wanke kwallolin nan, ba ta san da komai ba.

"To tunda babu mai shi, a kai shi masai a zubda!"

Daga wannan kalma ban ƙara sanin abin da ƙafafuna suka yi ba. Ni da nake sallama ko za ni shiga garken awakina, na ratsa zauren surukaina ba sallama, na faɗa tsakiyar mata ina ihu, "Kak ku zubda! Kak ku zubda!" Mata suka watse suna jan mayafai. Goggo Tumba ta nufi bayan gida da kwalla a hannu, na cim mata na kama kunne ɗaya na kwallar, ita tana riƙe da ɗayan. Ta ja, na ja. Tsohuwar nan duk da yunwar shekara biyu ƙarfi gare ta kamar mai dambe.

"Wane mahaukaci na wanga?"

Wata daga baya ta ce, "La ilaha illallahu! Baban amarya na!"

Jin haka Goggo Tumba ta saki. Ni kuwa ina kan ja. Na tafi da baya na zauna daɓas a tsakar gida, kwalla ta kife a ƙirjina, ƙullin da suka riga suka kwance ya buɗe, toka ta tashi ta rufe ni tun daga gemu har gira. Hulata ta gangara ta tsaya gaban uwar ango, matar da ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Kaji kuma, da suka fi kowa yunwa a gidan, suka taho a guje.

To a nan ne inda ya kamata in tashi in kaɗe riga in nemi gafara. Ban tashi ba. Na durƙusa da gwiwa ina korar kaji da hannu ɗaya, ina tattara gero da ɗayan, ina atishawa, ina cewa, "Iri na! Wallahi iri na! Ku kama min kajin ga!"

Goggo Tumba ta riƙe ƙugu ta tsaya a kaina.

"Iri? Cikin kayan ɗiyarka?"

"Ni na sa shi, Goggo. Kulu ba ta sani ba. Ɓoye shi na yi."

"Wa kab ɓoye ma?"

Na dubi Kulu. Ta daina kuka, tana kallona da wani irin ido da har yau in na tuna sai na gyara zama. Na sunkuyar da kai na ce, "Yunwa."

"To in hatsi na ba magani ba, ci mu gani."

Na ɗebo kaɗan na watsa a baki. (Gaskiya ko a wannan hali sai da na rage wanda na ɗebo, don na ga ya kai shukar rami goma.) Ɗanyen gero, toka, ɗacin dogon-yaro, ga barkono. Na tauna, hawaye na zuba, hanci na zuba, mata sun yi mini da'ira. Sai wata ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Wata ta rangaɗa guɗa. Wata ta ce, "Mun ga gara iri-iri, ba mu taɓa ganin wadda uban amarya ya biyo ya canye ba!" Goggo Tumba da kanta ta koma ta dafa Kulu tana cewa, "Yi haƙuri, ɗiyata. Ashe ke ma haƙuri kike yi."

Aka ce Malam Garba na kirana a zaure. Na tafi rungume da kwalla, don ban yarda in ajiye ta ba. Na zauna gefen tabarma ina jiran ya ce a fasa auren, ko aƙalla ya tambaye ni inda na baro kunyata. Ya ba ni ruwa na wanke fuska. Sannan ya sa hannu cikin kwallar, ya ɗebo, ya hure tokar, ya duba ƙwayar a tafinsa.

"Wanga gajeren nan na mai gashi?"

"Shi na."

Ya rage murya ya ce, "Malam, namu irin mun canye shi tun cikin rani. Ko matan gidan ga ba su san babu sauran ko ƙwaya ba. In ruwa ya sauka gobe, ban san abin da za ni sa ƙasa ba."

Ba za ni yi ƙarya ba, da farko ban so in ba shi ba. Na yi ta auna gonata da abin da kaji suka bari. Amma gidan nan ne ɗiyata za ta ci tuwo. Na ce a kawo ƙwarya. Muka raba, muka yi shawara kowa ya rage yawan ƙwayar da zai jefa a rami.

Daminar nan ma ba ta cika ba. Ruwa ya ɗauke da wuri kamar yadda na yi ta tsoro. Amma geron Baba ya riga ya nuna, a gonata da gonar Malam Garba. Da kaka maƙwabtansa suka yi ta zuwa neman kawuna, bayan 'yan shekaru ka bi hanyar Bafarawa ka ga gajeren gero mai gashi a gonaki da dama. Can ba su san shi da geron Baba ba, ɗan kwalla suke ce masa. Ni ma sunan da ya bi ni ke nan, Mai Kwalla, kuma tun ina jin haushi har na koma amsawa da ƙarfi.

Kulu kuwa sai da ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Ranar da ta buɗe baki cewa ta yi, "Da ka gaya min, da na ɓoye maka shi inda kai kanka ba ka gani nai. Kana zaton ban taɓa ɓoye maka hatsi ba?" Ashe duk ranar da na ɗauka tukunya ta ƙare kuma na ga tuwo da dare, daga wata ma'ajiyarta yake fitowa. Darasin da na koya ke nan: namiji ya ɓoye abu a ɗakin mace, ya ɓoye wa kansa ne kawai.

Yanzu mun baro ƙauye saboda halin tsaron da kowa ya sani, muna zaune cikin Sabon Birni. Mun fito da abin da hannu zai iya ɗauka, rumbu da irin da ke cikinsa suka tsaya can. Malam Garba ya rasu, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa ma sun daina zuwa gonar nesa. Na samu aron 'yar gona a bakin gari, amma duk inda na tambaya babu irin. Don haka nake roƙon masu karatu, musamman mutanen Bafarawa da Isa da Gatawa da na tsallaken iyaka: duk wanda ya san inda ake shuka gajeren gero mai gashi a ka, mai riga sauran nuna, ya taimaka ya aiko mini da labari ta wajen 'yan hatsi a kasuwar Sabon Birni kafin ruwa ya sauka. Ko cikin tafin hannu ne ya ishe ni farawa.