Gidana mai ƙafa huɗu a Sassumbrum

Ba zan taɓa mantawa da watannin da na yi ina kwana cikin mota ba, balle wani hantsi guda a Sassumbrum. Lokacin ban daɗe da gama lakwal ɗin aikin gona ba, aka turo ni Magaria in zaga ƙauyuka da sabon irin wake, bayan shekarun fari. A biro, wato ofishinmu, akwai wata tsohuwar mota da wasu Turawa suka bari, da gado a ciki, da murhun gaz, da tankin ruwa, har da ɗan lungun wanka wanda sai mutum ya durƙusa zai shiga. Aka tambaye ni ko zan iya. Na ce ina jin zan iya, ko da yake ban tabbata ba.

Gaskiya na ji daɗin zaman, in dai ba a zurfafa bincike ba. Babu haya, amma isans take sha kamar raƙumin da ya fito daga Bilma. Gaz in ya ƙare sai Damagaram. Ruwa sai na bi masu garwa da lallashi, yashin hanyar Bande kuwa sau biyu shanun amalanke ne suka fid da ni daga cikinsa. Duk da haka, in na dafa shayina na buɗe taga, ji nake ba wanda ya kai ni.

Na isa Sassumbrum da la'asar cikin fargaba, don an ce manoman wurin ba sa sauraron yaran biro, kuma in suka ƙi irin, damina ta wuce ke nan. Mai gari ya ba ni masauki. Na yi godiya, na ce, ranka ya daɗe, ba na son in zama nauyi, da gidana na zo. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce to madalla, a yi taron gobe bayan la'asar tunda kowa yana gari. Ban tambayi dalilin da zai sa kowa ya kasance a gari ba. (Ni da nake duba taya sau uku kafin in tashi.)

Na samu wani fili mai tauri a gindin gawo, kusa da wasu rumfuna da ba kowa, na tsaya nan.

Da safe na saki labule na shiga bitar jawabina. Can sai na fara jin hayaniya. Na leƙa, na ga jakuna da mutane suna ta sauka. Wallahi abin da ya zo mini shi ne manoma sun ƙosa su ji ni. Na ce to, irin wannan taro yana son tsafta. Na shiga lungun wanka na saɓa sabulu har sau biyu.

Abin da ban taɓa tsayawa na duba ba shi ne inda ruwan wankan yake zuwa. Ashe wani ɗan tiyo ne yake zubar da shi a ƙarƙashin motar. A daji ba wanda ya damu.

Aka buga ƙofa. Na buɗe da tawul a ƙugu da kumfa a kunne, sai ga kasuwa ta ci sosai, ni kuma a tsakiyarta. Wata tsohuwa mai gishiri, Iya Tabawa, ta shimfiɗa tabarmarta a inuwar motar, ga farin ruwa ya ratsa gishirinta yana gangarawa wajen masu sayar da garin kuka.

“Mushe,” ta ce, yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ba tare da ta ɗaga murya ba, “motar taka har yanzu ba a yaye ta ba ne? Fitsarin kwance take yi.”

Na ce, Iya, wataƙila, ina nufin, mai yiwuwa tiyo ne. Wani mahauci ya ce a ɗaura mata bante. Dariya ta bi rumfuna har wajen masu dabbobi.

Na sa kaya na fito, na saye jiƙaƙƙen gishirin, ta kuma sa na kwashe mata sauran kayan zuwa busasshen wuri da kaina, cikin wandona mai guga. Na riga na fid da rai da taron.

Bayan la'asar kuwa wurin ya cika, har da mutanen Kwaya da suka zo cin kasuwa. Na san ni suka zo kallo, ba wake ba. Jawabin ya gudu daga kaina, sai na yi magana kamar mutum. Wani dattijo ya ce wanda ya sha wannan kunya bai gudu ba, ba zai kawo musu irin banza ba. Suka karɓa.

Gishirin ya kai ni har kaka, miyata tana ɗan kumfa. Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, shi ne ko gidanka yana da taya, maƙwabta suna nan, kuma gara ka san su kafin ka cire riga.