Agogon Makka da Mai Tsumma

Ba zan taɓa mantawa da Umarata ta farko ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidanmu a Gummi ba za su bari ba.

Kafin mu tashi, jagoran tafiyarmu ya yi mana bayanin waya dalla-dalla: ko dai ka sa a buɗe maka layinka na gida ya yi aiki a can, ko ka sayi layin Saudiyya mai data da zarar an sauka. Ni kuwa, da yake ni ne mai saita wa duk unguwarmu waya, sai na taɓe baki. Wani abokina ya riga ya ce mini a can waifai kyauta ne ko'ina (daga baya na gano iyakar tafiyarsa Gusau). Har dariya na yi wa 'yan uwan tafiyata a filin jirgi lokacin da suka yi layin sayen layi.

To, akwai alkawari a wuyana. Kawu, yayan Inna, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Bai taɓa zuwa Makka ba, ga shi ƙafafu sun daina ɗaukarsa. Da na je sallama ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, ba ni son dabino, ba ni son tazbaha. Ranar Juma'a in an sauko masallaci, ka kira ni da wayar ga mai nuna mutum, ka yi mini addu'a daga Harami ina gani, ni ko ina cewa amin." Na bugi ƙirji na ce an gama.

Ranar Juma'a ta zo, na isa Harami da wuri, na ciro waya. Shiru. Na ɗaga ta sama, na juya gabas, na juya yamma, ba waifai ba dalilinsa. Gumi ya karyo mini. Na koma masauki a guje, domin nan ne kawai wayata ke numfashi, shi ma sai a falon ƙasa. Ina shiga saƙon Inna ya faɗo: an shimfiɗa tabarmi, an fito da Kawu tsakar gida, har maƙwabta sun shigo.

A nan ne Shaiɗan ya ɗan taɓa kafaɗata. A bangon falon akwai wani ƙaton hoton harabar Harami, daga ƙasa har rufi, da dogon benen nan mai agogo. Na gyara jallabiya, na tsaya a gabansa, na saita wayar yadda gefen bangon ba zai fito ba, na kira.

Sai ga fuskar Kawu, mutane cike a bayansa. Yana hango agogon ya fara kabbara, hawaye na bin gemunsa. Amma wallahi na riga na shiga. Na ɗaga hannu ɗaya na kama addu'a, suna amsawa da amin kamar gidan zai tashi. (Har ɗan rangaji nake yi, wai mutane na ture ni.)

Ina tsakiyar roƙa masa lafiyar ƙafa sai na ji amin ta fara raguwa. Ta ragu, ta ragu, ta ɗauke. Na leƙa fuskar wayar. A bayana wani ma'aikacin masaukin ne ya jingina ɗan tsaninsa, ya hau, ya fesa ruwa, yana ta goge agogon Makka da tsumma hankalinsa kwance.

Muryar Inna na fara ji: "Kai, wane na wanga mai tsawo haka?"

Kawu ya share hawayensa a hankali, ya matso da fuska. "Ɗan nan, ina kake?"

"Kusa da Harami, Kawu."

"Kusa awa Gummi da Anka, ko?"

Tsakar gidan ta kece da dariya, amma shi bai yi ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na fita a lokacin, kunya kamar ta kashe ni, na nemo shago na sayi layin da na raina. Na shiga Harami na sake kira. Kawu bai ce amin ba sai da ya sa na juya wayar hagu da dama, ya ga tattabaru na tashi, ya ga mutane na tafiya da ƙafafunsu. Sannan ya ce, "To, yanzu hwara. Ka sa da neman gahwara taka a ciki." A karo na biyun nan ni ne na yi kukan.

Har yau a gidanmu Na-bango suke kirana. Darasin da na samu shi ne: in za ka fita waje, ka sayi datarka tun a filin jirgi, ka bar jin maganar mutanen da ba su wuce Gusau ba. In kuma ka kuskura ka tsaya a gaban hoto, to aƙalla ka fara tambayar lokacin da ake goge shi.